Koren wakena ya yi ganye da fure, amma ya ƙi ɗaura kwanso

Tambaya: Assalamu alaikum. Na shuka koren wake, gajeren nan da ba ya hawa sanda, a fili biyu da ke jikin juna. Iri ɗaya, taki ɗaya, ban-ruwa ɗaya, sai dai na biyun na shuka shi mako uku bayan na farko. Na farkon ya ba ni kwanso har na gaji da tsinka. Na biyun ya fi shi ganye da kyan gani, ya kuma yi fure sosai, amma furen zubewa kawai yake yi, ɗan kwanson da ya kama kuwa gajere ne a lanƙwashe. Wani ya ce rashin ƙudan zuma ne, wani ya ce in ƙara taki. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, sannu da aiki. Ka ajiye takin nan tukuna, ƙudan zuma kuma ka wanke su, ba su da hannu a ciki. Yadda ka kwatanta abin, ganye shar, fure birjik a ƙasa, kwanso gajere a lanƙwashe, duk alamun zafi ne, zafin dare musamman. Mako ukun da ke tsakanin shukar farko da ta biyu shi ya raba su, domin ya tura furen fili na biyu cikin kwanakin da gari ya riga ya ɗumama.

Sunan yana ruɗar mutane, don haka bari in fara rarrabewa. Koren wake da ake tsinka tun kwansonsa yana ɗanye, wanda masana ke kira Phaseolus vulgaris, ba jinsi ɗaya ba ne da farin wake, wato Vigna unguiculata. Farin wake ɗan Afirka ne, ya saba da rana. Koren wake kuwa asalinsa nahiyar Amurka, an fara nomansa a yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya da kuma tsaunukan Andis, bai tsallaka zuwa Turai da sauran duniya ba sai bayan 1492. Ya taso inda rana ke da ɗumi, dare kuma da sanyi-sanyi, kuma har yau abin da jikinsa ke nema ke nan. Duk wanda ya ɗauki lissafin wancan waken ya ɗora wa wannan, zai sha mamaki.

Ya fi sakewa idan matsakaicin zafin yini yana wajen digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar zafin rana ya haura 30, na dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 20, amfani ya fara ja baya. In rana ta kai 35 tana maimaitawa, yawancin iri sukan zubar da kusan duk furen da suka yi. Abin da ke yaudarar manomi shi ne ganye da kara ba su damu da wannan zafin ba muddin akwai ruwa a ƙasa. Shukar da ba ta da 'ya'yan da za ta ciyar, duk abincin da ta haɗa ganye take zuba wa. Kyan ganin da fili na biyu ya fi na farko, shi kansa alamar matsalar ne. In ka ƙara masa yuriya yanzu, ganyen za ka ƙara wa ƙiba.

Maganar ƙudan zuma ba ta taso ba saboda yadda furen yake. Namiji da mace duk suna cikin fure ɗaya, a naɗe cikin wani ɗan murɗaɗɗen kube. 'Yan jakunkunan da ke ɗauke da garin fure, wato ƙurar namijin da ke sa mace ta ɗaura ƙwaya, sukan fashe tun furen bai buɗe ba, cikin daren da zai buɗe da safe, garin ya zuba a kan macen da ke jikinsu. Kafin ƙudan zuma ya iso, an gama. Akwai ɗan'uwansa mai jan fure, Phaseolus coccineus, wanda shi yana buƙatar ƙwari su taɓa furensa, mai yiwuwa daga nan mai ba ka shawara ya ɗauko zancen. Naka ba ya jiran kowa.

To ga inda gizo ke saƙar. Garin furen nan ba ranar buɗewa ake ƙera shi ba. Ana ƙera shi ne tun furen yana ɗan ƙulli kore, ƙarami, wanda sai ka ɗaga ganye ka zura ido za ka gan shi, wajen kwana 10 kafin ya buɗe. A wannan gaɓar ya fi kowane lokaci rauni. Darare kaɗan masu zafi a jere sun isa su lalata shi: ko ƙwayoyin garin su fito a motse ba rai, ko jakar ta ƙi fashewa gaba ɗaya, garin ya maƙale a ciki. Ƙullin ba ya nuna komai. Zai girma, ya buɗe fari tas ko ruwan hoda, ya yi kwana ɗaya ko biyu, ya yi rawaya, ya faɗi. Wato furen da ka tsinta a ƙasa yau da safe, tun makon jiya ya mutu. Shi ya sa mutum zai ce, ai jiya da shekaranjiya ba a yi wani zafi ba, me ya kawo zubewa? Yana duba kwanakin da ba su ne suka yi ɓarnar ba. Feshin da ake rugawa a yi idan an ga fure a ƙasa, galibi ihu ne bayan hari.

Masu bincike sukan gwada juriyar iri ta hanyar riƙe shi a digiri 32 da rana, 27 da dare, kuma iri marar juriya a wannan yanayin da ƙyar yake ɗaura wani abin kirki. Ka lura 32 ba wani zafi ne na tashin hankali ba. Daren da ya tsaya a 27 shi ne mugun. Dalili biyu ne. Na farko, kamar yadda na faɗa, fashewar jaka da haɗuwar garin da mace cikin dare da asuba suke faruwa. Na biyu, shuka tana numfashi da dare, tana ƙona sukarin da ganye ya haɗa da rana, kuma gwargwadon ɗumin dare gwargwadon saurin ƙonawar. Idan gari ya waye asusun ya yi ƙasa, fure da jaririn kwanso ne farkon waɗanda take sallama. A gindin kowane fure akwai wata gaɓa da shuka ke tsinkewa da gangan. Ko a shekara mai kyau ma takan zubar da rabin furenta ko fiye, don ta saba yin fiye da abin da za ta iya riƙewa. Saboda haka ganin fure a ƙasa kaɗai ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne sandar furen: idan ka ga tabo-tabo a jere inda furanni suka fita, babu ko siririn kwanso ɗaya da ya maye gurbinsu, to an yi ɓari.

Ka tsinko ɗaya daga cikin lanƙwasassun nan, ka tsaga shi da farce daga kai har gindi. Lafiyayyen kwanso za ka ga ƙwayoyi biyar, shida ko bakwai a jere, girmansu ɗaya. A naka za ka ga ɗaya ko biyu sun kumbura, sauran gurabun kuma ɗan ɗigo ne fari a bushe. Kowace ƙwaya tana buƙatar nata garin furen, wanda zai tsiro wani siririn bututu ya gangara ya same ta. Idan garin mai rai kaɗan ne, ko zafi ya gajiyar da bututun a hanya, na kusa da bakin kwanson suke samu, na can wajen gindi su tashi a tutar babu. Naman kwanson kuma yana girma ne inda akwai ƙwaya mai rai, domin ita ke aika masa da sinadarin girma. Gefe ya miƙe, gefe ya tsaya, sai ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Wannan tsagawar ta minti ɗaya ta fi duk wata shawarar da za ka ji daga bakin wanda bai shiga gonar ba, har da tawa.

Yanzu lissafin ranar shuka. Yawancin mutane yanayin ranar da za su shuka suke dubawa: ƙasa da laima, gari lafiya, sai su zuba iri. Ni kuwa na daina tambayar ko yau ta dace da shuka. Tambayata ita ce, yaya dare zai kasance daga kwana 25 zuwa kwana 50 bayan yau? Gajeren koren wake yakan fito cikin kwana 6 zuwa 10, ya fara fure wajen kwana 35 zuwa 45, a fara tsinka mako biyu zuwa uku bayan fure. Ka cire kwana goman ƙera garin fure daga ranar buɗewa, ka ƙara makon da jaririn kwanso ke buƙata kafin ya kama da kyau, za ka ga duk rabon shukar yana cikin waɗannan kwanaki ashirin da biyar ɗin. Sai ka ɗauki kalanda, ka nemo lokacin da darare suka fi sauƙi a wurinka, ka ƙirgo baya. Ranar da ƙirgen ya faɗa ita ce ranar shuka, ko da ranar ba ta yi maka kama da ranar shuka ba.

Filinka na farko ya shige wannan ƙofar kafin ta rufe. Na biyu ya iso ya tarar an kulle. Ni ma ta taɓa cina. Wata shekara na zauna jiran iri daga wani dillali da ya yi ta ce mini gobe, jibi, har kusan mako uku ya wuce. Na san na makara, amma na riga na gyara kunyoyi, zuciya ta ƙi haƙura. Ban taɓa ganin ganye mai kyau kamar na wannan shekarar ba, masu wucewa har tsayawa suke yi suna yabawa. Abin da na tsinka a fili duka bai cika kwando biyu ba. Tun daga nan na rataye ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙarancin dare da mafi yawan rana, a inuwa, daidai tsayin shukar, ina rubutawa kowace safiya. Hasashen yanayi na waya yana da amfani, sai dai daga wata tasha mai nisa yake zuwa, kuma filin da ke jikin bango ko dutsen da ya sha rana yakan kwana da ɗumi fiye da buɗaɗɗen fili.

Kwanakin da ake rubutawa a jikin fakitin iri, 50 ko 55 ko 60, kada ka riƙe su kamar alkawari. Shuka zafi take tarawa, ba ta san kalanda ba. Manyan manoma sukan lissafa haka: a haɗa mafi yawan zafin yini da mafi ƙarancinsa, a raba biyu, a cire 10, domin ƙasa da digiri 10 wake ba ya wani motsi. Yinin da ya yi 28 da 16 ya ba da maki 12. Wanda ya yi 20 da 12 ya ba da 6 kacal. Ke nan abin da shuka za ta yi cikin kwana ɗaya a yanayi na farko, sai ta ci kwana biyu a na biyu. Wannan ne ya sa shuka biyu da aka raba da mako uku lokacin da gari ke ƙara ɗumi, tazarar da ke tsakanin furensu ba ta kan kai mako uku ba, ta bayan tana bin ta gaban da gudu.

Kada jin wannan ya sa ka ruga ka shuka cikin tsananin sanyi, don can ma akwai rami. Ƙasar da ba ta kai digiri 15 ba, iri yakan daɗe a ciki, ya sha ruwan sanyi, ya ruɓe ko ya fito a gurgunce, kuma iri mai farar ƙwaya ya fi mai duhun ƙwaya saurin cutuwa da haka. Daren da ke sauka ƙasa da 10 lokacin fure shi ma yana rage gudun bututun nan, a sami kwanso mai giɓi irin na zafi. Inda sanyi ke kaiwa ga daskarar da raɓa kuwa, dare ɗaya ya ishe shi kashe shukar ƙurmus. Don haka manoman ƙasashen sanyi suna tsere ne tsakanin daskarewar ƙarshe da zafin tsakiyar shekara, wasu su sake shuka ta biyu da za ta yi fure bayan zafin ya karye.

Dubi inda ake noma shi don kasuwar Turai, za ka ga wannan lissafin a fili. Kenya tana kan layin da ya raba duniya biyu, amma koren wakenta a tudu ake nomansa, kewayen Dutsen Kenya da yankin Naibasha, domin duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da wajen digiri 6. Senegal ba ta da irin wannan tudun, sai ta yi amfani da lokaci: a yankin Niayes da ke gaɓar teku, cikin watannin rani masu sanyi ake noma shi da ban-ruwa. Masar da Maroko ma suna kauce wa tsakiyar zafinsu. Ɗaya ya hau sama, ɗaya ya jira wata, duk sanyin dare suke bi.

Ruwa shi ne na biyu a jerin waɗanda nake tuhuma, kuma yakan haɗa baki da zafi. Saiwar koren wake ba ta nisa, yawancinta tana cikin santimita 30 na sama. Kafin fure yana iya jure ɗan ƙishi, amma daga fitowar ƙulli har kwanso ya cika, ƙishin kwana biyu ko uku ya isa ya sa shi zubarwa. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne milimita 25 zuwa 35 a mako, wato lita 25 zuwa 35 a kowace murabba'in mita, fiye da haka a ƙasa mai yashi ko lokacin busasshiyar iska. Ka ce ban-ruwanka ɗaya ne a fili biyun. To a nan ma akwai magana, domin fili na biyu ya yi fure cikin kwanaki mafi zafi, da ganye mafi yawa, ruwan da ya ishi na farko ba lallai ya ishe shi ba. Ka tura yatsa cikin ƙasa da la'asar, in gaɓa biyu sun shiga ba ka ji laima ba, yana jin ƙishi. Gara kaɗan-kaɗan a kai a kai da a bar shi ya bushe sannan a malale shi, don kwanciyar ruwa ta kwana ɗaya ko biyu tana shaƙe saiwarsa, furen ya sake zubewa ta wannan hanyar.

Fure cikin marka kuma nasa ciwon daban. Hadarin da ya rufe rana kwana da kwanaki yana rage abincin da ganye ke haɗawa. Ga kuma farar fumfuna, wadda ta matattun furanni take shiga: furen da ya gama aiki ya faɗo ya manne a jikin kwanso ko kara, laima ta riƙe shi, sai ka ga abu kamar auduga ya tsiro, wurin ya ruɓe. Shukar da aka cunkushe ko aka cika wa taki ta fi kamuwa, don iska ba ta ratsa ta. Kada a shiga gonar ana tsinka ganye yana jiƙe, hannu da tufa suna ɗaukar cuta daga wannan layi zuwa wancan.

Abu ɗaya nake so ka kawar kafin ka gama yarda da ni. Akwai wasu ƙwari sirara ƙanana da ake kira tirips, masu shiga cikin fure suna tsotsa, kuma lokacin zafi da fari suke yawa. Su ma suna zubar da fure, suna lanƙwasa kwanso. Ka tsinki furanni goma daga wurare daban-daban, ka buɗe su a kan farar takarda. Idan ka ga abubuwa kamar gutsuren zare, baƙi ko rawaya, suna gudu da yawa a kowane fure, kuma kwanson yana da ƙuje-ƙuje masu kaushi a fata, to suna da kaso a laifin, a nan magani zai yi amfani. In takardar ta fito fes, zafi ne.

Tsawon yini bai shafi irinka sosai ba, yawancin gajerun iri ba ruwansu da shi. Wasu masu hawa sanda 'yan asalin tsaunukan wurare masu zafi ne ke ƙin yin fure sai yini ya gajarta, sukan ba wanda ya kai su ƙasashe masu dogon yini haushi.

Me za a yi da fili na biyu yanzu? Ya danganta da inda yanayi ya dosa. Idan darare masu sauƙi suna tafe nan da mako ɗaya ko biyu, ka riƙe shi da ruwa daidai, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa don ƙasa ta yi sanyi, ka tsinke lanƙwasassun don kada su ci abincin banza. Shukar da ta yi ɓari takan sake fure, sai dai amfanin zai zo a rarrabe, wani ya tsufa wani yana jariri. Ga mai tsinka da hannu wannan ba komai ba ne, masu girbi da inji sau ɗaya ne yake karya wa lissafi. Ragar inuwa mai tare kusan kashi 30 cikin 100 na rana tana sauƙaƙa zafin yini, amma ba ta da abin da za ta yi wa dare, shi ya sa ba na sa mutum ya kashe kuɗinsa a kanta idan daren ne matsalar. In kuwa zafin ƙaruwa zai yi, kada ka yi ta zuba ruwa da wahala. Ka juye shi cikin ƙasa ya zama taki, ka shuka abin da ke son zafi. Dogon waken nan mai kwanso kamar igiya, wanda ake nomawa sosai a kudancin Asiya, jinsin farin wake ne, yana ɗaurawa a yanayin da koren wake ya sallama.

Iri ma ya bambanta wajen juriya. Cibiyar binciken noma ta CIAT da ke Kolombiya ta sanar a 2015 cewa ta samo nau'o'in wake kusan 30 masu jure zafi, da yawansu daga haɗi da waken tefari, wani ɗan'uwansa da ya saba da busassun yankunan arewacin Meziko da kudu maso yammacin Amurka. Aikin ya fi karkata ga waken da ake bari ya bushe, amma a cikin na tsinka ɗanye ma akwai masu dama-dama, don haka ka tambayi mai sayar da iri takamaimai ko an gwada shi a zafin dare. Juriyar digiri kaɗan ce take ƙarawa, ba ta mai da shi farin wake.

A shuka mai zuwa, ka raba irinka kashi uku ko huɗu, tsakanin kowanne kwana 10 zuwa 14, amma ka tsayar da na ƙarshe ta hanyar ƙirgen bayan nan, yadda zai kai kwana 50 kafin dare ya fara kwana sama da digiri 20. Idan kana da sanda, ka haɗa da layi ɗaya ko biyu na mai hawa. Gajeren yana fitar da furensa kusan duka cikin mako ɗaya zuwa biyu, mugun mako ɗaya ya ishe shi. Mai hawa yakan makara, sai wajen kwana 60 zuwa 70 ake fara tsinkarsa, amma yana ta sabon fure muddin ana tsinka, in zafi ya cinye na wannan mako, na mako mai zuwa yana hanya. Kowane kashi ka rubuta ranar shukarsa, ranar da ka ga furen farko, da zafin daren kowace rana tun daga kwana na 25. In ka tsaga kwanson ka duba furannin a kan takarda, ka sanar da ni abin da ka gani.